Dashen da Kawu Nomau Ya Bari Cikin Buhu

Shekara biyar ke nan, a wannan kaka, da rasuwar kawuna Nomau. Abin ya faro ne da ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata. Na riƙe lokacin domin ina zaune a inuwar shingen lambu da agogo a kan gwiwata, ina gwada kaina da tsofaffin tambayoyin jarrabawar gama sakandare. Kawu yana cikin ramin taki yana juyawa. Sai na ji ƙarar shebur ta tsaya. Na ɗaga kai, na gan shi ya jingina da bangon ramin yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba.

"Dije," ya ce, "zo ki amshi shebur ɗin ga, ya yi mani nauyi."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ta fita sarai. 'Yan dako suka ɗauke shi a baro zuwa bakin titi, aka sa shi a mota sai asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mako bai zagayo ba aka kai shi makwancinsa a nan cikin gari, ba a ƙauyen da kullum yake cewa can za a binne shi ba.

Ba sananne ba ne, na kuma san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya bi ta bayan tasha a Jibiya cikin 'yan shekarun nan ya ga lambun da ke inda tsohon juji yake, ya kuma ga jerin itatuwan da ke gefensa na gabas, kowanne da ragowar tsumman buhu a gindinsa. Aikin Kawu ne. Yanzu ɗansa Ayuba yana so ya tone su ya kai ƙauye, domin abin da mahaifinsa ya ce za a yi da su ke nan. Waɗanda suka san itace kuma sun ce in aka tone su da wannan girma mutuwa za su yi. Na shafe watanni ina tambayar mutane abin da mai su zai ce da yana raye.

Kawu Nomau yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ya rayu ya mutu a kan addinin kakanni, a wani ɗan ƙauye can bayan Gangara. Kawu ya shiga coci aka sa masa Bitrus, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunan ba sai fasto. Mahaifiyata kuwa ta auri direba mutumin Maraɗi, ta musulunta, ta zauna a Jibiya, nan aka haife ni. Wannan bai taɓa hana buhun gero zuwa gidanmu duk kaka ba, bai kuma hana cinyar rago tafiya ƙauye duk babbar salla ba.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, ƙauyen ya watse. Kawu ya iso gidanmu a ƙasa, da matarsa Inna Saratu da Ayuba da 'yan awakinsa, aka share musu ɗakin da ke kusa da zaure. Ya yi watanni yana zaune a ƙofar gida, hannuwansa a kan gwiwa. Mutumin da tun tasowarsa hantsi bai taɓa iske shi a zaune ba. Abin da na fi tunawa shi ne, in hadari ya haɗu aka fara jin ƙamshin ƙasa, sai ya tashi ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Wata rana ya je tasha raka baƙo, ya dawo yana tambayar mahaifina ko jujin nan na bayan tasha yana da mai shi. Aka kai shi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce in dai zai rage musu wari da sauro, ya je ya yi abin da ya ga dama, amma ya sani aro ne. Washegari Kawu ya ɗauki fartanyar da ya taho da ita daga ƙauye ya tafi.

Lokacin an rufe boda. Manyan motoci sun yi layi sun kwanta, 'yan dako suna kwance a ƙarƙashinsu ba kayan ɗauka. Cikinsu akwai Malam Isuhu, shi ma mutumin wajen Maraɗi ne, dogo, mai yawan ba'a. Shi ya fara leƙowa.

"Tsoho, mi kake biɗa cikin juji? In zinariya ce a raba da mu."

"Gona nake biɗa, ɗan Maraɗi. An ce mani tana ƙarƙashi. Kai da ba ka da kaya yau, kama diga."

"Wa zai biya?"

"Wanda ke biyanka kwanciya ƙarƙashin mota."

Malam Isuhu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kama diga. Bayansa wasu suka biyo. Matan cocin su Inna Saratu suka zo, matan unguwa masu sayar da abinci a tasha suka zo. Ba a taɓa biyan kowa ba, ba a kuma taɓa naɗa shugaba ba. Wanda ya yi aiki ya ɗebi ganyen miya, shi ke nan tsarin.

Ƙasar wurin ta mutu, rabi yashi rabi leda, don haka Kawu ya ce sai an yi mata sabuwa. Aka haƙa ramuka uku. Ana kwaso abin da kasuwa ta zubar, ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa da ganyen kabeji da totuwar rake, a shimfiɗa. A zuba ƙaiƙayi a kai, sai kashin awaki, sai tokar da masu ƙosai ke tara mana, a yayyafa ruwa, a sake wani shimfiɗin, a rufe da tsofaffin buhuna. Yakan kafa sanda a tsakiyar rami. In ya zo da safe ya zare ta ya kara a kumatunsa. In da zafi, taki na aiki. In ta yi sanyi, lokacin juyawa ya yi. Ba ya yarda a ɗebi takin rami sai ya yi baƙi ya daina wari, ya koma ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Ni aikina tsince leda da batir da fasassun kwalabe, domin shi ne aikin da ba sai an yi magana da kowa ba. Malam Isuhu ya sa mini suna ɗiyar lakwal, wato 'yar makarantar boko, ya ce ko leda nake tsinta kamar mai neman kuskure a littafi.

Ban ruwa ma da tsarinsa, ko da yake ba wanda ya zauna ya tsara. Ranar Juma'a Kiristoci ne ke ɗauke da shi don Musulmi su yi shirin masallaci, ranar Lahadi Musulmi su karɓa. Sauran ranaku Kawu ke nuna inda za a zuba da inda za a bari. Cikin damina guda wurin ya cika da rama da yakuwa da lalo da kuɓewa, zogale ya kewaye shi.

Itatuwan kuwa awaki ne suka kawo su. Wata safiya Kawu ya ga wasu 'yan tsiro a gefen tsibin kashin awakin da aka tara tun zuwansu. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, sannan ya kira matarsa da murya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Gawo ne. Awakin sun ci 'ya'yan gawon gonarsa kafin a gudu, suka taho da irin a cikinsu. Ya tone su da cokali ya sa a ledar ruwa.

Daga ranar ya shiga bin mutanen ƙauyensu gida gida a duk inda suka raɓa cikin gari, yana tambaya ko akwai abin da ya maƙale a ƙasan jaka ko a ƙullin zane. Aka samo busasshiyar kanya, da ƙwallon aduwa, da 'ya'yan tsamiya daga tukunyar kunu, da kalwar da ba a kai ga dafawa ba. Wata tsohuwa, Kaka Tabawa, ta kwance haɓar zanenta ta ba shi 'yan kurna da ta tsinta a tsakar gidanta ranar da aka fito. Kowane tsiro ya san shi da asalinsa. Wannan kanyar bakin rafi ce, wannan magaryar hanyar rijiya, wannan kurnar Tabawa. Da suka fi ƙarfin leda ya mayar da su buhunan siminti da na shinkafa. Ruwa kuwa rowarsa yake yi musu. Rabin gwangwani, sai kuma ƙasar ta bushe. Yakan ce itatuwan daji ne, in aka saba musu da abin da ba za su samu a gida ba an cuce su.

Bai yarda a dasa ko ɗaya a ƙasa ba. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji.

"Yaya, ka dasa su mana, ga fili."

"Rama da yakuwa na ƙasar ga ne, damina guda sun gama. Waɗanga baƙi ne kamar ni. In na dasa su nan, na ce mun zauna ke nan."

Sai dai itace ba ya jiran mutum. Saiwa takan huda gindin buhu ta nemi ƙasa. Saboda haka duk tsayuwar wata, da sassafe kafin kowa ya zo, shi da Inna Saratu sukan bi jerin. Ya ɗaga buhu, ta miƙa masa wuƙa, ya datse saiwar da ta fito, ya matsar da buhun gefe kaɗan ya ajiye. Haka itatuwan suka zauna kullum a shirye, kamar matafiyin da bai kwance kayansa ba. Tsofaffin ƙauyen sukan zo da yamma su zauna a kan dutse suna kallon buhunan. Kaka Tabawa ba ta fashi. Takan taɓa kurnarta ta ce, "Ke ma kina nan kina jira?" A lokacin ban gane abin da suke zuwa gani ba. Yanzu na gane cewa muddin itatuwan na cikin buhu, komawa gida magana ce mai rai.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa, domin babu mugu a cikinsa. An yi masa jana'iza a coci, Musulmin lambu suka raka gawa suka tsaya daga waje. Bayan nan aka bar su da abin da ke cikin ƙirjinsu. Ba su yi masa salla ba, ba zaman addu'ar uku, ba ta bakwai, ba inda za su kai sadakar gumba da sunansa. Na ji Malam Isuhu yana gaya wa mahaifina a zaure, "Mutumen ga ya ba ni aiki lokacin da nake jin kunyar komawa gida hannu sake. Yanzu mi zan yi mishi? Gaya mani, mi zan yi mishi?"

Abin da ya samu ya yi shi ne ruwa. Ya sayi jarka daga 'yan ga-ruwa ya juye wa buhunan. Sauran 'yan dako suka gani suka bi. Direba in zai tashi sai ya biya kuɗin kurar ruwa guda ya ce a kai wa itatuwan Nomau. Matan coci su ma suna zuwa da bokitansu bayan sujada, suna zubawa suna waƙa ƙasa ƙasa. Juma'a da Lahadi suka zama ɗaya, kowa na zuwa kullum, wanda ya zo da yamma bai san abin da na safe ya zuba ba. Wani direban motar shanu ya share bayan motarsa ya kawo ɗanyen kashi mai zafi, ya tula a gindin kowane buhu da hannunsa, yana kuka. Inna Saratu tana ɗaki cikin zaman makoki, Ayuba bai ko iya kallon hanyar lambun.

Ganye ya fara yin rawaya. Aka ce kewar mai su suke yi, wasu suka ce ƙishirwa ce, aka ƙara ruwa. Sai da mahaifiyata ta zo wata rana ta tura yatsa cikin wani buhu, ta shinshina, ta ɗora hannu a ka. Saiwoyin sun ruɓe. Fiye da rabi suka tafi, har da ɗorawa duka da tsamiyar da ta fi kowacce kyau. Irin da ba za a sake samu ba, domin lokacin ba mai iya taka hanyar ƙauyen.

Na ga manyan maza sun tsaya a kan buhunan nan kamar an sake yin wata rasuwar. Malam Isuhu ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Daga ranar tsoro ya shiga kowa. Aka kewaye waɗanda suka rage da ƙaya, aka bar wa mahaifiyata ita kaɗai ba su rabin gwangwaninsu, ba wanda ya sake yarda hannunsa ya taɓa buhu. Wata ya tsaya, wani ya tsaya, ba a ɗaga ba. Rana ta cinye buhunan, damina ta ƙarasa su. Yau gawon ya wuce tsayin katangar tasha, kurna da magarya sun fara 'ya'ya, yara na jifa.

Nakan yi tunanin abin da Kawu zai gani in an ba shi yini guda ya dawo. An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa. Da yawa daga 'yan dakon farko sun koma ɗaukar kaya, wasu sun tsallaka ba su dawo ba. Yanzu mata ne suka fi yawa a lambun, akasarinsu waɗanda suka zo gari bayan rasuwarsa, ba su san fuskarsa ba. Ramukan taki sun zama biyar, masu kayan gwari da kansu ke turo shara a baro, kuma har yau akwai sanda a tsakiyar kowane rami. Na ga wata yarinya da ba ta taɓa jin sunansa ba ta zare sandar ta kara a kumatunta. Ina jin wannan zai sa shi murmushi. Zai yi faɗa a kan leda, domin tun da na tafi makaranta Katsina ba mai tsince ta yadda ya kamata. Zai yi faɗa a kan samarin da ke zuwa ɗaukar hoto a cikin rama suna tattake kunya. Zai tambayi Kaka Tabawa, a ce masa ta rasu da bazarar bana, ita ce ta ƙarshe cikin tsofaffin da ke zama a kan dutse. Amma in ya juya gabas ya ga baƙinsa sun yi rassa a ƙasar aro, ban san abin da fuskarsa za ta nuna ba. Nan ne tunanina kan tsaya.

Bana an ɗan samu sauƙi, wasu sun fara zuwa gonakinsu na ƙauye da rana su dawo kafin magariba. Ayuba yana cikinsu. Ranar da ya fara zuwa ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce gidaje sun zube, wannan ya sa rai da shi. Abin da bai sa rai ba shi ne fili. An sare komai. Gawon gonarsu, kanyar bakin rafi, kurnar tsakar gidan Tabawa, sai kututture. Ya ce ya tsaya a inda aka haife shi bai gane gabas ba.

Ni da Ayuba taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Da na zo hutu ya tare ni a ƙofar lambu da diga a kafaɗa.

"Malama mai gilashi, an gama haddace duniya? Zo ki gaya wa mutanen ga abin da kika ji da kunnenki. Ubana ya ce a kai su gida ko bai ce ba?"

"Ya ce," na amsa. "Kai ma da ba ka taɓa ɗaukar bokiti ba ka ji."

Bai yi dariya ba, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Malam Isuhu, wanda furfura ta cika wa gemu yanzu, ya taso daga bakin rami.

"Ayuba, ɗana, saiwar gawon ga ta yi zurfin rijiya. In ka tone shi gawa za ka kai gida. Mun kashe mishi rabi da hannunmu, kada ka sa mu ga ƙarshen sauran."

"Baba Isuhu, ubana bai raine su don 'yan tasha su sha inuwa ba. Shi ban iya kai shi gida ba. Su ma in bar su nan?"

Ayuba ya ce da ya gama yankan gero zai zo da mota.

Na tambayi mahaifiyata, ta ce yayanta mutum ne mai magana ɗaya, abin da ya faɗa shi ne, amma ita ba za ta je ta ga ana tonon ba. Na tambayi wani dattijon cocinsu, ya ce Bitrus ya huta, wannan rigimar masu rai ce. Na tambayi mahaifina, ya ce shi suruki ne, ba ya shiga. Na duba littattafan makaranta, suka tabbatar mini da abin da Malam Isuhu ya faɗa game da saiwa, amma ba su san Kawu ba. Kowa ya ba ni amsar da ta yi kama da shi kansa.

In an ce in auna abin da ya rage na Kawu Nomau bayan shekara biyar, ba zan ce itatuwa kawai ba, domin ƙasar aro ce, wata rana mai unguwa ko magadansa na iya bukatar abinsu. Akwai ƙasar da ya yi daga abin da gari ya zubar, wadda gidaje da yawa ke cin miya daga gare ta. Akwai Juma'a da Lahadi, da suka koma yadda suke bayan waccan asara, ba tare da an yi taro ba. Akwai kuma ni, da na koyi zama cikin mutane a bakin ramin taki. Amma abin da ya fi damuna shi ne kada mu riƙe maganarsa mu kashe aikinsa, ko mu riƙe aikinsa alhali mun ci amanarsa. Ban ga hanya ta uku ba.

Mutum ɗaya ce ban tambaya ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Inna Saratu ba ta sake taka lambun ba tun ranar Talatar nan. Tana zaune a wani ɗan ɗaki da suka kama a bayan coci, tana yin daddawa. Kowa na tausaya mata, don haka ba a ambatar itatuwan a gabanta. Ayuba kuwa ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kira, balle su zauna su yi irin wannan magana. Makon jiya na yi ƙarfin hali na je. Abin da ta gaya mini na kai wa Ayuba kamar yadda aka ba ni. Ya saurara har ƙarshe. Ya gama yankan geronsa, ba mu ga mota ba tukuna.

Ranar da na je, na sami Inna tana tsince kalwa a faifai. Muka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi mahaifiyata, ta ce na rame. Na zauna ina taya ta tsinta, na kasa farawa. Ita ce ta ce, "Dije, ke ba ki zuwa haka nan. Mi ya kawo ki?"

Na ce, "Inna, maganar itatuwan Kawu ce. Yaya Ayuba zai tone su. Ni kuma na rasa ko mun yi wa Kawu laifi da muka bari suka kama ƙasa."

Ta ajiye faifan. Ta daɗe tana goge hannunta da zane.

"Ku kuka bari? Wa ya gaya maku ku ne?"

Na ajiye kalwar da ke hannuna.

"Daminarshi ta ƙarshe," ta ce, "wata ya tsaya, muka tahi da sassafe kamar kullum. Ya durƙusa gaban kurnar Tabawa, ya kama buhun ya ja, ya ji ta riƙe. Na miƙa mishi wuƙa. Bai amsa ba. Ya daɗe a durƙushe, hannunshi a jikin iccen. Sannan ya ce mani, 'Saratu, mu sau ɗaya aka yanke mu, kin ga yadda muka koma. Waɗanga duk wata nake yanke su.' Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Daga ranar bai ƙara ɗaga ko ɗaya ba. In wata ya tsaya mukan tahi dai da wuƙar, mu zauna can har rana ta hito, mu dawo."

"To me ya sa bai faɗa ba, Inna?"

"Don su Tabawa. Ya ce tsofaffin ga buhunan suke zuwa gani, in suka san an daina ɗagawa za su kwanta. Ya ce in bar shi a cikina muddin da saura ɗaya a raye. Na bari. Yanzu ba saura."

Ta jawo faifan ta ci gaba da tsintar kalwarta, idonta a ƙasa.

"Ki ce ma yayanki ya aje diga. Ya je ya tsinci 'ya'yan kurna da na magarya, gawon ma in ya zuba ya ba awaki su kai mishi, kamar yadda suka kawo. Ya tahi da ɗiyan. Uwayen sun riga sun zauna, ubanshi ne ya zaunar da su."